Ruwan Sabon Tankin Kifi: A Rage Abinci, A Bar Kafso

Jama'a, kiwon kifi a gida ya shigo ƙasar Kankiya da Kusada. Da can mai son ɗanyen kifi sai ya jira masunta su kawo daga dam ɗin Kusada ko na Zobe a Dutsin-Ma. Yanzu kuwa ma'aikaci ya kan tara albashinsa, ko ɗan kasuwa ya ware wani abu cikin jarinsa, ya gina tankin siminti bayan ɗaki, ko ya sayi na roba, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Madalla. Amma akwai inda galibi a kan yi tuntuɓe, watau makon farko zuwa na biyu, sa'ad da ruwan ya kan rikiɗe ya yi fari-fari, sai ka ce an ɗauraye ƙwaryar nono.

Nan sai hankalin mai kifi ya tashi. Wani ya ruga kantin magani ya sayo kafso irin na mutane ya zazzage ciki. Wani ya kwashe ruwan kakaf, ya dirje tankin da sabulu. A ganina duka biyun ɓarna ce, ta farko kuwa ta fi muni.

Ga dalili. Kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse su kan ruɓe su ba da wata guba, amoniya. Allah ya halicci waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su kan manne jikin bangon tanki suna cinye gubar nan. To, sabon tanki ba shi da su, sai ya yi kamar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kafin nan waɗansu ƙwayoyin dabam, masu saurin haihuwa, su kan cika ruwan domin sun sami abinci a banza. Su ne farin nan da ka ke gani. Watau ba ciwo ya kama kifinka ba, hannunka ne ya yi yawa wajen ba da abinci. In ka zuba kafso ko sabulu, ka kashe masu aikin kirkin tun ba su zauna ba, ka koma ranar farko da kuɗinka.

Abin yi ba shi da tsada. Ka hana su abinci yini ɗaya, ba za su mutu ba. Sa'an nan ka riƙa ba su gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 10. Kowace rana ka janye dattin ƙasa da tiyo, ka rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka cika da wanda ya kwana a duro. Ruwan famfo lalle ne ya kwana a buɗe, domin maganin da a ke sa masa yana ƙone huhun kifi.

Kada kuma tarwaɗa ta ruɗe ka. Ita tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, saboda haka ta kan daure cikin ruwan da ƙarfasa ba ta kwana cikinsa. Tana raye, amma ba ta girma, abincin da ka saya da tsada yana tafiya a banza. Hancinka shi ne alkali: in ruwa ya fara ɗoyi, ya ɓaci.

Ba kowane gurɓacewa ne iri ɗaya ba. Ja-ja laka ce, ta ruwan rafi ko rijiya da damina, a bar shi ya kwanta kafin a zuba. Kore-kore kuwa gansakuka ce ta rana, in ba ta yi kauri ba babu laifi, a yi wa tankin rumfa da zana.

Wanda na fi jin tsoro shi ne sabon siminti. Yana sakin kaifinsa cikin ruwa, ya kan kashe 'ya'yan kifi dare ɗaya, sai mai shi ya tafi yana zagin wanda ya sayar masa da iri. Magini ya gama yau, ba gobe a ke zuba kifi ba. A cika tankin da ruwa, a zubar, a sake cikawa, har mako 2 ko 3. Bayan haka a saka kifi 10 su yi kwana 3 a gani. In suna cin abinci suna walwala, sa'an nan a je a ɗauko sauran.