Gidan Rumfa Da Masu Kunyar Ginin Ƙasa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai wata cuta da ta kama mu 'yan boko, ita ce kunyar ginin ƙasa. Da an ce gidan wane na ƙasa ne, sai mu ɗauka talauci ne ya hana shi sayen siminti. Cutar nan ba ta tsaya a gidajen talakawa ba, ta kai har ga fadojin sarakunanmu, inda gwanayen magina suka zuba iyakar basirarsu. Ni kuwa ina ganin wannan jahilci ne da muka sa wa riga muka kira shi ci gaba.

Mu ɗauki birnin Kano. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Shekara fiye da ɗari biyar ke nan sarakuna suna zaune a wuri ɗaya, Haɓe da Fulani. Kusa da shi ga Gidan Makama, wanda Turawa suka yi ofis a cikinsa bayan sun ci Kano a 1903, yanzu kuma ya zama gidan tarihi. Wai shin da me aka gina su? Da tubali da jar ƙasa da azara, abubuwan da muke yi wa kallon raini.

Duk wanda ya ce babu ilmi a wannan gini, ya shiga soro ɗaya a Gidan Makama ya ɗaga kai. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cinta, amma ba ta da tsawon da za ta ɗauki nauyin rufin babban ɗaki ita kaɗai. Sai magina suka yi dabara. Suka riƙa dasa ta a bango, suna ɗora wata bisa wata, kowace ta ɗara ta ƙasanta kaɗan, suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, an sami ɗaurin guga, a kansa tulluwa take zama. Wanda ya san nauyin da kowace azara za ta ɗauka ba tare da ya riƙe fensir ba, in ba injiniya ba ne, to, mene ne shi?

Haka kuma maganin ruwa. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Katsi daga gindin karofi masu rini suke kwasowa, a ƙona, a haɗa da gashin majema da dafara, a yi laso a shafe rufi. Dubi yadda marini da majemi da magini suke cin moriyar juna, ba a aika ko kwabo waje ba. Ga indararo yana fitar da ruwa nesa da bango, ga zankwaye a kusurwa sun ba gini kwarjini. Sannan a zo ga zane: dagi da sauran ƙulle-ƙulle da magini yake fitarwa da hannu tun yaɓe yana ɗanye. Bango mai kauri kuwa yana tare zafin rana, ya riƙe ɗumi da hunturu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ginin ƙasa wahala gare shi, kowace shekara sai an yi yaɓe, in an yi sakaci damina ɗaya ta gama da shi. Gaskiya ne. Amma ina abin da ba ya son kulawa? A garin Jenne na ƙasar Mali, masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana nan tsaye, domin duk shekara mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwata su yaɓe shi. Tun 1988 hukumar UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya. Su ba su ji kunya ba, mu me ya same mu?

Mu kuwa ga abin da muka yi. Tsohon masallacin Juma'a na Kano an kawar da shi, aka gina sabo wajen 1951. Badala ta zama wurin ɗibar ƙasa da zubar da shara. Ƙofofin gari da dama an rushe su an sake su da kankare. A Zariya, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu an rufe shi cikin sabon gini na siminti. Abin takaici, sai da Bature ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya bi gine-ginenmu da awo da zane, har aka yi kwafin wasu a gidan tarihi na Jos. Mai abu ya yi barci, baƙo ke gadi.

Ban ce sarki ya zauna babu lantarki ko famfo ba. Abin da nake cewa shi ne, duk soron da ya rage na ƙasa a fada a bar shi na ƙasa, a ba masu sana'ar aikin gyaransa, a biya su hakkinsu kamar yadda ake biyan ɗan kwangila. In babu aiki, ɗan magini zai koma buga bulo, ilmin ya bi tsoho kabari.

Mu 'yan ƙungiyar Hausa ma da namu laifin. Mun cika takardu da nazarin waƙa da karin magana, amma mu nawa ne muka taɓa zama gaban tsohon magini muka rubuta kalmomin sana'arsa? Ina kira ga malamanmu su ba ɗalibai wannan aiki a kundin digiri, a je wurin Sarkin Magina da yaransa, a ɗauki magana, a ɗauki hoto, a auna soraye tun suna tsaye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu farga.