"Kana Wurin?"

Akwai wani mai wa'azi a Amurka, Ken Ham, wanda ya buɗe gidan tarihi a jihar Kentaki a 2007 don ya nuna cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba. Yakan tara yara ya haddatar da su tambaya guda: duk malamin da ya ce musu wani abu ya faru shekaru miliyoyi da suka shuɗe, su ɗaga hannu su ce, "Kana wurin?"

Dabarar tana da tarihi. A 1925 kotu ta ci tarar wani malami, John Scopes, dala 100 a jihar Tenesi saboda ya koyar da ka'idar Darwin ta sauyawar halittu. Daga baya reshe ya juye da mujiya: a 1987 Kotun Ƙolin Amurka ta hana cusa aƙidar coci a darasin kimiyya na makarantun gwamnati, a 2005 kuma alƙali ya yi watsi da sabon salonta a garin Doba. Da ƙofa ta rufe, sai aka biyo ta taga. Yanzu masu wannan aƙida cewa suke yi su dai yara su koyi shakka. Jihar Luwiziyana har doka ta yi a kai a 2008.

Ba imanin kowa nake taɓawa ba, wannan tsakanin mutum ne da Mahaliccinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shakkar da aka ɗaure wa takunkumi, ana nuna mata wanda za ta ciza. Yaron an koya masa tambayar, an kuma koya masa kada ya tsaya jin amsa. In ya juya ya yi wa mai wa'azin ita, ya zama mara kunya.

Amsar kuwa tana nan. Maharbi kan durƙusa kan sawu a jiƙaƙƙen yashi, ya ce barewa ce, da asuba ta wuce, tana ɗingishi. Ba ya wurin. Haka masanin kimiyya Neil Shubin da abokan aikinsa suka lissafa cewa a duwatsu masu shekara miliyan 375 ya kamata a sami kifi mai alamun gaɓoɓi, suka yi shekaru suna tono a arewacin Kanada, a 2004 suka ci karo da shi.

Wani sauyin halittar ma a gabanmu aka yi shi. Mun sha kulorokwin, mun yi susa har gari ya waye, zazzaɓi ya sauka. Yau ƙwayar maleriyar ta gagare shi, tun 2005 Nijeriya ta sauya magani.