Dajin Ekuri: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A wannan makon ina so mu leƙa jihar Kuros Riba, inda ragowar kurmin ƙasar nan mafi girma yake. A ƙaramar hukumar Akamkpa akwai ƙauyuka biyu, Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri, masu riƙe da dajin gado mai faɗin hekta 33,600, daf da gandun daji na ƙasa. Labarinsu ya daɗe yana ba ni sha'awa, domin ya rushe wani zato da na taso da shi, wai talaka ne babban maƙiyin itace.

A da, ba su da hanyar mota. Duk abin da suka noma sai dai su ɗauka a ka, su yi tafiyar sa'o'i kafin su kai bakin titi. Kamfanonin katako suka yi musu tayin hanya, su kuma su sallama dajin. Suka ƙi. Da ƙarfin jikinsu da kuɗin da suke karɓa daga fataken kayan daji suka fasa hanya mai tsawon kimanin kilomita 40. A 1992 suka kafa ƙungiyar da ke tsara amfani da dajin, suka ware inda za a yi noma, da inda za a tsinci ogbono da ganyen afang, da inda gatari ba zai taɓa shiga ba. A 2004 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo ta Equator.

Hikimar a bayyane take. Mai sayar da gungume sau ɗaya yake cin kuɗinsa, amma mai tsintar 'ya'yan itace kowace shekara yana da rabo. Wanda abincin iyalinsa ya rataya a kan bishiya mai rai ba ya buƙatar a yi masa wa'azin kiyaye ta.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. A farkon 2016 gwamnatin jihar, a zamanin Gwamna Ben Ayade, ta soke haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita 10 a kowane gefe na wata babbar hanya da ta yi niyyar ginawa, lamarin da ya shafi dajin Ekuri. Sai da mutanen suka yi zanga-zanga, duniya ta sa baki, kana aka janye sokewar a 2017. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka wahalar shekaru tana iya rushewa da sanarwa guda a jarida. Masu satar katako kuwa har yau ba su daina kutse ba.

Ra'ayina shi ne, yabo da lambar girma ba za su tsare daji ba. A ba irin waɗannan al'ummomi takardar mallaka wadda canjin gwamnati ba zai shafe ba, a sauƙaƙa musu hanyar kai kayansu kasuwa, a kuma hukunta ɓarayin katako komai girman uban gidansu. Mu ma 'yan Arewa da muka ga yadda dazukan Kamuku da Rugu suka koma mafakar 'yan bindiga, mun san abin da ke faruwa da dajin da ya rasa mai shi. Allah Ya sa mu gane.