A Daina Narkar Da Tsohon Kuɗi

Akwai wata ɓarna da a ke yi a ƙasar nan kullum, ba a kuwa kai ƙararta gaban alƙali, domin masu yinta ba su ɗauke ta ɓarna ba. Ɓarnar nan ita ce hallaka tsofaffin kuɗi. Tsohuwa ta rasu, magada su buɗe adakarta, su tarar da liyari uku ko huɗu da tsabar kwabo mai huda ƙulle a tsumma. Kafin a yi sadakar arba'in an kai liyarin wurin maƙerin farfaru ya narkar, ya yi zobe da awarwaro. Kwabon kuwa a zuba wa 'yan gwangwan a kan sikeli tare da fasasshiyar tukunya. Abin da ya shekara ɗari yana yawo a hannun mutane, cikin sa'a guda ya zama ruwan ƙarfe.

In kuwa aka sami wani mai hankali yana bi yana tara irin kuɗin nan, yana jera su, yana nuna wa abokansa, sai a yi ta yi masa dariya. A ce ya rasa aikin yi, ko a ce babba da shi yana wasan yara. Masu dariyar nan su ne a kan kuskure, kuma ya kamata a faɗa musu.

Hujjarsu ita ce, kuɗin da ba ya sayen ko ƙwayar goro ba shi da sauran amfani. To, takardar filin da aka riga aka gine ma ba ta sayen goro, amma ba mai hura wuta da ita, domin shaida ce. Haka tsohon kuɗi ya ke. A jikinsa akwai shekara, da sunan mai mulki, da hoton abin da ƙasa ke taƙama da shi a zamanin. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, in ya ɗora tsohon kwabo a tafin hannunsa, ya sami shafin karatu wanda gara ba ta ci.

A duba kalmar kuɗi ita kanta. Jam'in wuri ce. Wurin nan kuwa ba a kogin Kwara a ke samunsa ba, asalinsa daga tsibiran Maldif ne, can cikin tekun Indiya, ya ratso duniya kafin ya iso kasuwar Kurmi. Sa'ad da Bature matafiyin nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal guda na azurfa a kan wuri 2,500. Keso guda wuri 20,000 ne, watau kayan ɗan dako guda ke nan, amma duka-duka riyal takwas ne a canjin wancan lokaci. Wanda ya riƙe wuri a hannu ɗaya, liyari a ɗayan, nan da nan zai gane dalilin da ya sa fatake su ka so azurfa, da irin wahalar da masu ƙidayar wuri su ka sha a kasuwa.

Shi kuma liyari, wanda mata ke ratayawa a wuya, kuɗin ƙasar Ostiriya ne. Matar da ke jikinsa Sarauniya Mariya Tariza ce, wadda ta rasu a 1780. Nauyinsa giram 28 ne, mafi yawansa azurfa. Saboda 'yan kasuwar Habasha da Sudan da ƙasashen Larabawa sun amince da shi ƙwarai, sai aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta ba tare da an sake shekarar ba. Don haka duk wanda aka buga daga baya 1780 ne a jikinsa. Ta hannun fatake da alhazai ya shigo Barno da ƙasar Hausa. Liyarin da fuskarsa ta shafe don yawan shafar hannu, Allah kaɗai ya san yawan zangon da ya kwana.

Da Turawa su ka ci ƙasa, sai su ka hana shigo da wuri a 1904, su ka kuma nemi a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Turanci da na Larabci. Aninin farko da sanholo aka yi shi, ƙarfen nan mara nauyi da a ke tukunya da shi, yana kuwa cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, watau fam guda anini 2,400 ne. Rabin kwabo kuma aka kira shi ɗari, sunan da ya gado daga ƙidayar wuri. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai a 1920 aka koma yin su da ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Ashe ko launin sule ma labarin yaƙi ya ke bayarwa.

Ga wani abin mamaki kuma. Sarkin Ingila Edward na Takwas ya hau gado a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamban shekarar. A Ingila kanta ba a sake wa jama'a kuɗi da sunansa ba. Amma a Afirka ta Yamma an kashe kwabo da ɗari da anini masu sunansa a kasuwa. Mai tallan ƙosai a Zariya ta karɓi abin da mutumin Landan bai taɓa sayen burodi da shi ba. Irin wannan kwabo ne a ke zubawa a sikelin ɗan gwangwan.

A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da kuɗin ƙasa na kanta. A bayan taro aka sa auduga, a sisi koko, a sule kwakwar manja, a fataka gyaɗa. Ran 1 ga Janairu 1973 aka koma naira, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A sabon kwabo ashirin da biyar aka sa dalar gyaɗa, a kwabo ɗaya kuwa rijiyar man fetur. Wanda ya jera waɗannan a kan tabarma ya ga yadda arzikin ƙasa ya tashi daga gona ya koma rijiyar mai, ba sai wani ya yi masa dogon bayani ba. Yaran yau suna jin manya na cewa wane ba shi da ko anini, ko kuwa ko sisin kwabo, amma ba su taɓa ganin anini ko sisi ba. Gani kuwa ya kori ji.

Wani zai ce, ai maƙeri sana'arsa ya ke yi, magada kuma dukiyarsu ce, su yi yadda su ka so da ita. Gaskiya ne, ba a ce sun yi sata ba. Har ma a ƙara musu da cewa liyari ba abu ne mai wuyar samu ba a duniya, tun da an buga miliyoyinsa, har yanzu ma ana buga sabo a birnin Biyana. Amma sabon nan bai ratsa hamada ba, bai shiga lefen kakar kowa ba. Azurfar zobe ana samunta a kasuwa kowace rana, liyarin kaka kuwa in ya narke ya tafi ke nan. In talauci ya matsa har sai an sayar, to, a sayar wa mai ajiyewa, kada a sayar wa mai narkarwa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Akwai kuma waɗansu da ba su narkarwa, amma ɓarnarsu ba ta gaza ta masu narkarwa ba. Su ne masu ɓoyewa don kwaɗayi. An hure musu kunne cewa wai akwai wani sinadari a cikin kwabo mai huda, wai Turawa na sayensa da kuɗi wuri na gugar wuri. Ƙarya ce tsagwaronta. Kwabon nan gamin tagulla ne da wani ƙarfe, ba kome a cikinsa, kuma an buga shi da yawan gaske, har na Sarki Edward ɗin ma ba shi da tsada a wurin masu sayen tsofaffin kuɗi. 'Yan damfara ne ke baza zancen, domin su karɓi kuɗin gwaji da kuɗin mota daga hannun mai kwaɗayi, sa'an nan su ɓace. Shi kuma ya ƙulle kwabonsa a ƙarƙashin gado, ba ya bari ko ɗansa ya gani, har ya mutu magada su zubar. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mai tara tsofaffin kuɗi na ƙwarai ba haka ya ke yi ba, aikinsa kuma ba ya bukatar dukiya. Yakan fara da abin da ke cikin gidansu. Ba ya goge kuɗin da toka ko yashi ko lemon tsami, domin gugar tana cinye rubutun, tana kuma rage darajarsa. Ba ya huda wanda ba shi da huda. Kowane guda yakan naɗe shi a takarda dabam, ya ajiye inda damshi ba ya kaiwa, ya rubuta sunan kuɗin, da shekararsa, da wanda ya ba shi, da abin da tsofaffi su ka ce ana saye da shi a da. Rubutun nan shi ne rabin aikin, gama tsohon da ya san abin da taro ke saye ba zai dawwama ba. In yana da biyu iri ɗaya, sai ya yi musaya da abokinsa. In abokin yana nesa, sai ya ɗora farar takarda a kan kuɗin, ya goga fensir a hankali, hoton ya fito sarai, ya aika masa.

Sa'an nan ya fito da su a gani. Ya kai makarantar unguwa, ya kai ajin manya, ya bar yara su taɓa, su karanta shekarar da bakinsu, su lissafa anini nawa ke cikin sule. Abin da ya fi ƙarfin ajiyarsa kuma akwai gidajen tarihi, kamar Gidan Makama a Kano, da na Jos wanda aka buɗe a 1952. Amma gidan tarihi ba zai iya bin kowace adaka a kowane ƙauye ba. Wannan aikin masu gida ne.

Saboda haka duk wanda ya iya karatu, ya kuma san akwai ƙullin tsofaffin kuɗi a gidansu, ya nemi izinin masu shi ya kwance, ya karanta, ya tambayi tsofaffi tun suna da rai, ya rubuta. Wanda kuma ya ga ana shirin kai liyari maƙera, ya yi magana tun ba a hura wuta ba. Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da shi, amin.