Ɓarawon tallafi ya daina fasa sito

Rubutun wannan mako a kan tallafi ne, kuma kanmu za mu fara dubawa kafin mu dubi gwamnati.

A daminar 2022, da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa, mun ga yadda ake rabon kayan agaji: mota ta zo, a sauke shinkafa da masara da tabarmi da gidan sauro, a kulle a sito, a sa maigadi. Hankalinmu duk yana kan ƙofar siton. Amma kafin buhu ya isa Kangire ko Basirka, sai an rubuta suna. Yanzu kuwa a waya ake ɗaukar sunan, tare da lambar waya da NIN, wani lokaci har da BVN da lambar asusu, a tura Dutse, a tura Abuja. Wanda ba ya cikin kwamfuta, ko da gidansa ya rushe a idon kowa, da wuya ya samu. Ashe wanda ya taɓa jerin sunayen ya taɓa buhun tun bai fita daga sito ba.

Kada mu ce wannan tsoron banza ne. A Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar cewa masu kutse sun shiga rumbun bayananta, sun kai ga bayanan mutum sama da 515,000, galibi waɗanda yaƙi da bala'i suka raba da danginsu. Dole ta rufe na'urorin da take haɗa iyalai da su na wani lokaci. Idan an iya yi wa Red Cross haka, ina ga wayar yaron da aka ɗauka aikin rubuta sunaye, wadda ko makulli ba ta da shi, kuma kullum tana kwana a shagon caji?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana hannunmu. Da aka ƙaddamar da tallafin naira 25,000 a wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15 a Oktoban 2023, wa ya ƙirga fom ɗin bogi da muka yi ta turawa a WhatsApp da taken "a cika kafin a rufe"? Mu ne ke ɗaukar hoton jerin waɗanda suka ci gajiya, da lambobinsu, mu watsa don kowa ya duba ko ya fito. Niyyar alheri ce, amma washegari sai a kira wata gyatuma a ce daga ofishin tallafi ne, ta karanto lambobin da suka shigo wayarta. Tana karantawa an kwashe. Mu ne kuma ke miƙa katin iyayenmu da lambar sirri ga mai POS a kasuwar Sara, saboda gaggawa.

A inda babu tsaro abin ya wuce asarar kuɗi. Jerin da ke nuna wa ya karɓi kuɗi, a wane ƙauye, ran yaushe mota za ta taso, jagora ne ga ɗan bindiga. Sannan mu tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara: duk taimakon da ya dogara da waya kaɗai, ranar da babu sabis ya tsaya. Alhamdulillahi muna cikin zaman lafiya, amma lokacin lafiya ake gyara.

Wani zai ce to a koma takarda. Ba mu manta zamanin takarda ba, lokacin da ake cika ta da 'yan gida da 'yan jam'iyya. Kwamfuta ta rage wannan. Abin da muke nema shi ne a haɗa biyun: sunaye kaɗai, ba lambobi, a karanta su a ƙofar mai unguwa, a bar kwafi a wurin dagaci, ta yadda idan an sauya suna a sama za a gane a ƙasa. Duk wanda ya zo ɗaukar bayananmu, mu tambaye shi wa ya turo shi, ina za a ajiye, wa zai gani. Ba rashin kunya ba ne. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita.

Mu kuma a wannan zaure, muna roƙon masu kula da shi su goge duk jerin da ke ɗauke da lambobin mutane, da duk fom ɗin da ba a tabbatar da tushensa ba. Kowannenmu ya zauna da iyayensa yau, ya gaya musu: babu ma'aikacin agaji na gaskiya da zai nemi lambar sirri.

Allah Ya kare mana raunananmu. Muna jiran ra'ayoyinku.