Iskar oksijin a kan gyambon ƙafa: taimako ce, ba madadin ɗauri ba

Gyambon da ke fitowa saman idon sawu ya ƙi warkewa wata da watanni, galibi asalinsa raunin jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ne. Jini ya taru, ƙafa ta kumbura, fata ta rasa isasshiyar oksijin.

Nan ne dabarar kai oksijin kan mikin kai tsaye ta samo hujjarta: ƙaramar na'ura na tura iskar ta siririn bututu zuwa ƙarƙashin bandeji. A 2023, kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar masu ciwon suga ya yarda a gwada ta idan kulawar da aka saba ta gaza. Sai dai wannan gyambon suga ne. A na jijiya, shaidar ba ta kai haka ƙarfi ba.

Har yanzu ɗaure ƙafa da bandeji mai matsewa ne ginshiƙin magani, bayan an auna an tabbatar jini na isa ƙafar, domin matse wadda jini ba ya isa na iya kashe nama. A Najeriya, inda majiyyaci ke biyan yawancin kuɗin jinya daga aljihunsa, wannan awo da bandejin ya kamata asibitoci su fara tanada kafin na'urar.