Kada Tausayinmu Ya Tsaya A Kan Waya

Ranar 10 ga Satumban 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan ɓallewar madatsar Alau. Ruwan ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa da gidajen talakawa. Kafin faɗuwar rana hotunan masu ratsa ruwa ɗauke da yara da tsofaffi sun cika Facebook da WhatsApp. Mun kalla, zukatanmu sun karaya, mun rubuta "Allah sarki", sannan da yawanmu muka zarce zuwa bidiyo na gaba.

Wannan tausayi alama ce ta zuciya mai rai, kuma addu'ar da muka yi wa 'yan'uwanmu ibada ce da ba a raina ta. Sai dai Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. An tsara waɗannan kafafe ne domin su riƙe idon mai kallo, shi ya sa labarin ambaliya da bidiyon barkwanci ke zuwa a jere, na biyu ya shafe na farko. Wanda ya saba ganin masifa kullum ba tare da ya motsa ba, sannu a hankali zuciyarsa kan bushe.

Shawararmu ita ce kowa ya ɗaura wa kansa ƙa'ida guda: duk abin da ya taɓa masa zuciya a waya, ya biyo shi da aiki ɗaya a wannan yini, komai ƙanƙantarsa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Wanda ya ga waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su, ya nufi asibiti mafi kusa ya ba da jini. Abin da ake ɗiba kimanin mililita 450 ne, bai ma cika ledar ruwan sha guda ba, kuma namiji mai lafiya na iya sake bayarwa bayan wata uku. Masu naƙuda da yara masu cutar sikila suna jiran wannan jini kullum. Wanda ya ga yaro cikin yunwa a wani gari mai nisa, ya tuna cewa wataƙila akwai irinsa a bayan katangar gidansa, kuma haƙƙin maƙwabci yana gaba. Kwanon tuwo guda, ko biyan kuɗin maganin wata gwauruwa a unguwa, ya fi tura bidiyo sau ɗari.

Haka nan tausayi yana buƙatar hankali. 'Yan damfara sun gane cewa hawaye na buɗe aljihu, suna ɗaukar tsohon hoto su liƙa masa lambar asusu. Kafin a tura kuɗi a bincika ta hannun liman ko mai unguwa, in da hali a biya asibitin kai tsaye. Mu kuma daina yaɗa hotunan gawa da na marasa lafiya, domin suturta Musulmi wajibi ne a raye da a mace.

Muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai su buɗe rajistar masu ba da jini da ƙaramin asusun gaggawa, domin wanda zuciyarsa ta motsa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya sanya mu cikin masu jin ƙai, Ya kuma ji ƙanmu baki ɗaya.